Bagazam: Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar na jiran masu hawa

Duk Bahaushen da ya san harkar dawaki ya taɓa jin sunan Bagazam, dokin Azbin da sarakuna ke alfahari da shi. Kaɗan ne suka san cewa sunan na wani dutse ne a jihar Agadas, wanda ƙololuwarsa, Idoukal-n-Taghès, ta kai mita 2,022. Babu wani wuri a faɗin Nijar da ya kai ta tsawo. Dutsen Gréboun da ke arewacin Azbin, wanda aka daɗe ana ɗauka shi ne kan gaba, mita 1,944 ne.

Bagazam wani makeken tudu ne mai faɗi a sama, kewaye da gangare mai tsauri. A kansa akwai ƙauyukan Abzinawa, da rijiyoyi, da garake inda ake noman albasa, dankalin Turawa, tafarnuwa da tumatir. Tun kaka da kakanni, jaki ne motar wannan dutse: shi ke saukar da amfanin gona zuwa yankin Tabelot da ke gindinsa, shi ke hawa da hatsi da sukari da shayi. Waɗannan hanyoyi na ƙafa su ne masu yawon buɗe ido suka riƙa bi.

Tafiyar ta kwanaki ce. Daga Agadas mota ke kai matafiya gindin dutsen, daga nan sai a ɗora kaya da salkunan ruwa a kan jakuna. Akan tashi da asuba, a yada zango a inuwa idan rana ta take, a kwana a fili. Tsawon Bagazam bai kai inda ƙarancin iska ke kayar da mutum ba, domin wannan ciwo ya fi kama masu hawa daga mita 2,500 zuwa sama, kamar a Kilimanjaro na Tanzaniya mai mita 5,895. Haɗarin nan daban ne: ƙishirwa, ɓatan hanya a cikin duwatsu masu kama da juna, sanyin dare na Disamba da Janairu, da kuma ambaliyar da ke cika ƙoramu ba zato idan an yi ruwa a sama lokacin damina. Shi ya sa aka fi hawa tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kuma ba a hawa sai da ja-gora ɗan yankin.

Akwai lokacin da wannan sana'a ta ciyar da gidaje da yawa. A shekarun 1980, gasar motoci ta Paris-Dakar da ke ratsa Agadas ta sa sunan garin ya karaɗe Turai. Marigayi Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa, yana cikin waɗanda suka fara kafa kamfanin kai baƙi cikin Azbin da Tenere. A 1991 hukumar UNESCO ta sanya gandun Azbin da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, cikin wuraren tarihi na duniya. Baƙo ɗaya kan samar da aiki ga direba, mai dafa abinci, mai jakuna, ja-gora, da maƙerin da ke sayar masa da kayan azurfa.

Sai tawaye ya katse harkar. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, baƙi sun dawo, har jirage na tasowa daga Faransa kai tsaye zuwa Agadas a lokacin sanyi. Tawaye na biyu, wanda ya fara da harin Iferouane a Fabrairun 2007, da kuma sace ma'aikata bakwai a Arlit a Satumban 2010, sun sa ƙasashen Turai gargaɗin 'yan ƙasarsu da su guji yankin. Sace wasu mata biyu Turawa a cikin garin Agadas a farkon 2025 ya ƙara dagula lamarin.

Masu ja-gora da direbobi da dama sun koma jigilar bakin haure zuwa Libiya, wasu kuma suka nufi haƙar zinariya a Djado bayan gano ta a 2014. Asarar ba ta kuɗi ba ce kaɗai. Sanin inda ruwa ke kwanciya a cikin kwazazzabo, da mashigar da jaki mai kaya zai iya bi, ilimi ne da yaro ke koya ta hanyar bin babba. Idan tafiya ta tsaya, ilimin ma yakan tafi da masu shi.

Ga mutanen kudu, Azbin ba baƙon wuri ba ne. Ayarin raƙuman Kel Ewey, da ke ɗauko gishiri da dabino daga Bilma su sauko Damagaram da Kano neman gero, daga waɗannan duwatsu yake tashi, kuma har yau Hausa na cikin harsunan kasuwa a can. Amma ɗan Maraɗi ko Tawa da ya ci albasar Azbin da lemon Timia, da wuya ya taɓa tunanin zuwa ya ga inda suke fitowa.

A nan ne mafita ɗaya take. Bikin Bianou na Agadas, na Cure Salée a Ingal da bikin Azbin a Iferouane sun nuna cewa 'yan ƙasa na zuwa arewa idan akwai dalili da tsaro. Ɗaliban jami'o'i, ƙungiyoyin matasa da ma'aikata masu hutu za su iya zama sababbin masu hawan Bagazam, muddin hukumomin jiha da na gargajiya suka tsara rajistar masu ja-gora, suka fayyace hanyoyin da ke da aminci. Duk wanda ya yi niyya, matakin farko shi ne ya nemi izini da shawarar hukuma a Agadas kafin ya ɗaura takalmi.