Ranar da kwamfuta za ta ji Dauranci

Tun da aka ƙera kwamfuta, mutum ne ke koyon harshenta: ya san boko, ya san Turanci, ya iya latsa maballai. Yanzu lamarin na juyawa, na'urar ce ke koyon sauraron mutum.

A ƙasar Daura murya ta riga ta yi gaba. Dillalin shanu a kasuwar Mai'aduwa, wanda karatunsa na allo ne, yana ƙulla ciniki da saƙon murya ta WhatsApp. A 2013 Google Translate ya fara fassara Hausa, a 2024 kuma kamfanin Google ya buɗe damar bincike da baki cikin Hausa.

Sai dai na'ura ba ta gane abin da ba ta taɓa ji ba. Da dubban muryoyi ake horar da ita, in kuwa Kananci ya fi yawa cikinsu, Dauranci zai riƙa ba ta wuya. Ga kuma tsawon wasali, wanda ke raba garin Daura da garin tuwo, alhali rubutunsu ɗaya.

A ganina, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura su ya kamata su fara naɗar muryoyin mutanen Zango, Baure da Sandamu, da yardar masu su.