Awa ɗaya a likita, sauran watan a tsakar gida

Mace ta taso daga wani ƙauye na kwarin Tarka da yaro ɗan shekara uku a baya, yaron da har yau bai riƙe wuya ba. Amalanke ya kai ta bakin hanya, mota ta kai ta Dakoro, in abin ya fi ƙarfin likitar Dakoro a tura ta Maraɗi, tafiyar da ta haura kilomita 100. Duk wannan wahala, abin da take samu a gaban mai gashin ƙashi da wuya ya kai awa ɗaya. Ya duba yaron, ya lanƙwasa nan ya miƙe can, ya ce a dawo wata mai zuwa. Watan kuwa shi ne na shuka, ko na noman farko, kuɗin mota kuma an sayi gero da shi.

Wannan ya sa nake ganin maganin irin waɗannan yara yana can inda suke wuni. Abin da mai gashin ƙashi yake yi nuni ne kawai, aikin kansa a tsakar gida ake yin sa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da gane haka. Tun bayan taron Alma-Ata na 1978 take kira da a mayar da farfaɗo da naƙasassu cikin al'umma, kuma a Abuja ne, a 2010, aka ƙaddamar da jagororin wannan tsari, waɗanda suka haɗa lafiya da karatu da sana'a da zaman jama'a wuri guda.

Yaron da ake ce wa ɗan ruwa, wanda jikinsa ya saki kamar tsumma ko ya sandare, ba musanya aka yi wa uwarsa ba. Galibi ƙwaƙwalwarsa ce ta samu rauni tun yana ciki, ko a doguwar naƙuda, ko daga shawarar da aka yi wa sakaci a kwanakin farko, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Raunin ba ya ƙaruwa. Abin da ke ƙaruwa shi ne illar kwanciya: gaɓoɓin da ba a motsawa suna ƙagewa, baya ya karkace, yaron da ya wuni yana kallon rufin ɗaki ba ya koyon komai. Tamowa ma tana da hannu. Mutanen Dakoro ba su manta 2005 ba, shekarar da likitocin ƙungiyar MSF suka buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a garin. Yaron da ya sha irin wannan rama yakan yi jinkirin zama da tafiya da magana, shi ya sa wasa da yaro yana cikin matakan jinyar tamowa, ba abinci kaɗai ba.

Kalmar gashi kanta tana ruɗar da mutane. Gashin ƙashin likita babu ruwan zafi a cikinsa, babu tsiya, babu fizgar ƙafa. Gaɓar da ta sandare a hankali ake miƙe ta, yaro yana cikin natsuwa, a tsaya inda ta tsaya. In ya fasa ihu an wuce gona da iri.

A ɗauki goyo. Yaron da ƙafafunsa ke sarƙewa kamar almakashi, goyo yana buɗe masa su, yana kuma sa shi ya ɗaga kai ya ga rijiya da awaki da masu wucewa. In wuyansa bai yi ƙwari ba sai a ja zani sama ya tallafi ƙeya. Lokacin daka, maimakon a bar shi a ɗaka, a zaunar da shi a kusurwar bango, ko cikin daro da aka cusa wa tsummoki, ko tsohuwar tayar mota, yana fuskantar turmi. A ba shi ludayi ya riƙe, a ajiye ƙoƙo ɗan nesa da hannunsa don ya miƙa. Kafinta na iya ƙera masa kujera mai majingina, sanduna biyu da aka kafa a kan gwafanni kuma sun isa wurin koyon tsayuwa. Kada ya wuni a yanayi ɗaya: yanzu rub da ciki da ɗan matashi a ƙirji, anjima a gefe, anjima a zaune.

Inda aka fi kuskure wurin ciyarwa ne. Ɗure a kwance, kai a langaɓe baya, yana iya tura kunu cikin huhu, daga nan sai tari da zazzaɓi da ciwon haƙarƙari. A zaunar da yaro, haɓarsa ta ɗan sunkuya, a ba shi kaɗan-kaɗan, a jira ya haɗiye. Da yawansu kunu mai ɗan kauri ya fi musu sauƙin haɗiya fiye da tsararo. Abin yana cin lokaci, kuma a nan ake gane gidan da uwa ke da mataimaki.

Gaskiya ita ce, duk abin da na zayyana a kan mace ɗaya ake jibge shi. Ita ce rijiya, ita ce daka, ita ce gona, maigida ya tafi ci-rani, sannan a ce ta riƙa motsa jikin yaro safe da yamma. Wanda ya ba ta wannan umarni bai tambayi wa zai karɓe ta ba, ya ƙara mata kaya ne kawai. Kaka da ke zaune a inuwa tana iya riƙe yaron tana yi masa hira. Yayyensa sun fi kowane likita iya sa shi dariya da rarrafe. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta faro a jihar Maraɗi a 1991, suna taruwa a kai a kai don zubi da rance. Asusun da ke ranta kuɗin awara zai iya ranta kuɗin motar zuwa likita, taron kuma wuri ne da yaron zai zauna cikin mutane ba a ɓoye shi ba. Uba ma in yana gari, ɗaukar ɗansa zuwa majalisar ƙofar gida bayan la'asar bai rage masa komai ba.

Sai karatu. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, amma abin da ke shigar da yaro aji ya fi takarda kusa: uwa ta je wurin malamin makaranta ta ce, "Mushe, ga yaron nan, kansa lafiya lau, ƙafa ce kawai," mushe ya ba shi benci na gaba kusa da ƙofa. Kurma a zaunar da shi inda zai ga bakin malami. A makarantar allo, wanda hannunsa bai riƙe alƙalami ba yana iya hadda da ka, kuma makafi mahaddata ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Abin da nake ƙi shi ne a yanke wa yaro hukuncin bara tun bai yi wayo ba.

Akwai abin da tsakar gida ba ta iyawa. Jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe ciki yana buƙatar filasta da ake sauyawa mako-mako, daga baya takalmin ƙarfe da zai riƙa kwana da shi har wajen shekara 4. In an fara da wuri yana takawa kamar kowa, kuma asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana wannan aiki. Mai farfaɗiya yana buƙatar magani kullum ba fashi. Yawunsa ba ya harbin kowa. In ta kayar da shi a kwantar da shi a gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kuma kada a bar shi shi kaɗai kusa da murhu ko bakin rijiya. Jaririn da idonsa da fatarsa suka yi rawaya a makon farko kuwa, ba a jira suna, a kai shi likita a ranar.