Ɗaci Maganin Ciki: Dayi Da 'Yar'uwarsa Ta Turai

Duk wanda ya tashi a Unguwar Ya, ko ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, ya san idan ciki ya kumbura, ko mutum ya kasa cin abinci, tsofaffi sukan nemo masa wani abu mai ɗaci, kamar shuwaka ko sassaƙen maɗaci. To, shin mene ne asirin ɗacin nan?

A ƙasashen da ke gefen tekun Bahar Rum akwai wata ciyawa mai ƙaya da fure rawaya, wadda Turawa ke kira ƙaya mai albarka. Masana tsirrai kuwa suna ce mata Centaurea benedicta. Tun ɗaruruwan shekaru ake jiƙa ganyenta a ruwan zafi a sha saboda rashin cin abinci da kumburin ciki. Har annoba an taɓa cewa tana warkarwa, amma wannan bai tabbata ba. Mu ma muna da ɗan'uwanta a nan, wato dayi, ƙayar nan da raƙuma ke so, wadda Dokta Dalziel ya ambata cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Ita ma shuwaka danginsu ɗaya.

Ga yadda abin yake aiki. Da zarar ɗaci ya taɓa harshe, sai jijiyoyi su kai saƙo, yawu ya tsinke, tumbi kuma ya ƙara fitar da ruwan narkar da abinci. Shi ya sa ake shan irin wannan magani kafin a ci abinci.

Amma fa, 'yan'uwana ɗalibai, kowane allazi da nasa amanu. Ƙaya mai albarka idan ta yi yawa tana sa amai. Mai gyambon ciki bai kamata ya sha ba, domin ruwan tumbin da ta ƙara shi ne ke cin gyambon. Haka nan an hana mace mai juna biyu. Babban haɗarin kuma shi ne a tsaya shan jiƙo alhali cutar ta fi ƙarfinsa. Idan an ga jini a bayan gida, ko amai da gudawa, ko ciwon ya ƙi lafawa, sai a garzaya asibitin Birnin Kudu. Mai gudawa kuwa a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga gida.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.