Tsarabar turare da man shafawa daga kantin filin jirgi

Idan Hajiya ta dawo Gyallesu daga Umara, kafin ta huta 'yan sannu da zuwa sun cika tsakar gida, ido na kan akwati: turare, kwalli, man shafawa. Wasu kayan a filin jirgi aka sayo su, a kantunan da ake yafe wa haraji.

Wanda ya wuce jami'an shige da fice, wata ƙasar zai kai abin da ya saya, don haka ba a ɗora masa harajin sayayya. A Saudiyya harajin nan kashi 15 cikin ɗari ne tun 2020, a Dubai kashi 5. An fara tsarin yafe harajin a filin jirgin Shannon na Ailan a 1947, kantin Dubai Duty Free kuwa ya buɗe a 1983.

Sai dai rashin haraji ba shi ne arha ba, hayar shago a filin jirgi tsada gare ta. Turaren manyan kamfanoni kan yi sauƙi a can, amma 'yar kwalbar almiski gara a saye ta a kasuwar Makka.

Kwalbar da ta haura mililita 100 a bar ta cikin ledar da aka liƙe, da rasit a ciki, musamman ga mai canjin jirgi a Alƙahira. Man shafawa kuwa, don Allah a karanta abin da aka haɗa shi da shi. NAFDAC ta haramta mai sinadarin makuri, yana lalata ƙoda. Kaya in sun yi kama da na sayarwa, kwastan na jira a filin jirgin Kano.