Gidan Da Aka Gina Da Duwatsun Hamada

A ƙasar Amurka akwai wata jiha ana ce da ita Arizona, mai yawan hamada, duwatsu da ƙaya ko'ina, ruwan sama kuwa kaɗan. A can ne wani gwanin tsara gine-gine, Frank Lloyd Wright, ya sayi fili a gindin duwatsun McDowell, kusa da garin Scottsdale, cikin 1937. Ya soma gidan da zai riƙa zama da hunturu, shi da almajiransa, ya sa masa suna Taliesin West.

A ganinsa bai kamata gida ya ɗare kan ƙololuwar tudu kamar baƙo ba. Saboda haka ya zaɓi gangare, ya shimfiɗa ginin a kwance, bai tayar da shi sama ba, domin kada ya tare wa ido dutsen da ke bayansa.

To, babbar dabarar tana wajen bango, kuma almajiran nan su ne magina. Sukan tsinto duwatsun da ke warwatse a filin, ja da baƙi da ruwan ƙasa, su kafa alluna biyu na katako, su jera duwatsun a tsakani, shafaffiyar fuskar kowane tana duban waje. Sa'an nan su kwaɓa siminti da yashin wurin su zuba. In ya bushe aka cire katako, sai ga bango launinsa ɗaya da ƙasar da yake kai, har mai hange daga nesa ya kasa rarrabe inda dutse ya ƙare gini ya soma. Bango mai kauri irin wannan yakan sha zafin rana a hankali, ya sake shi da dare sa'ad da hamada ta yi sanyi. Mu da muka saba kwana cikin soro ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Rufin fari da farin zanen tanti aka yi shi bisa katakai jajaye, watau haske ya shiga, kaifin rana ya tsaya waje. A nan muna ganin sha'awa ta rinjayi lissafi, gama rana ta dinga cin zanen, har daga baya aka musanya shi da roba. Ruwan sha kuma sai da aka haƙa rijiya mai zurfin fiye da ƙafa 400.

Wright ya rasu cikin 1959. Cikin 2019 hukumar UNESCO ta sa gidan cikin jerin wuraren tarihi na duniya.