Tseren Kammala Wasan Bidiyo: Kamfani Ke Ƙirƙirar Wasa, Amma Wa Ke Kafa Doka?

Akwai wasannin bidiyo da mutum kan shafe sati guda yana fama kafin ya ga ƙarshensu, amma wani ya zauna ya kammala su cikin mintuna kaɗan. Wannan shi ake kira speedrun, wato tseren kammala wasa cikin mafi ƙarancin lokaci. Masu yin sa kan kwashe shekaru suna nazarin wasa ɗaya, suna neman gajeriyar hanya da kurakuran manhaja da za su rage musu ko da daƙiƙa guda.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, galibi ba kamfanin da ya ƙirƙiri wasan ke tantance gwani ba. 'Yan wasan ne da kansu suke kafa dokoki, su zaɓi alƙalai daga cikinsu.

Yadda abin ya faro

Wasan Doom na kamfanin id Software, wanda ya fito a 1993, ya zo da abubuwa biyu masu muhimmanci. Yana nuna lokacin da ka ɗauka a ƙarshen kowane mataki, kuma yana iya adana duk maɓallin da ka danna a wani ƙaramin fayil. Duk mai wasan a kwamfutarsa zai iya buɗe fayil ɗin ya kalli abin da ka yi daki-daki. Da haka hujja ta samu, gasa ta kankama. A yau shafin Speedrun.com ne babbar matattarar sakamako, taron Games Done Quick kuma, wanda aka fara a 2010, yana tara miliyoyin daloli ga ƙungiyoyin agaji.

Sharuɗɗan karɓar sakamako

Kowane wasa da nasa dokokin, amma akwai waɗanda kusan ko'ina za ka tarar. Dole a kawo bidiyo cikakke, ba yanke ba haɗi. Dole a faɗi na'urar da aka yi amfani da ita da kuma zubin wasan. A wasu wasannin ana cire lokacin lodi, don kada mai kwamfuta mai tsada ya ci bulus. Sannan ana raba gasar rukuni-rukuni: akwai na kai wa ƙarshe ta kowace hanya, akwai na tattara komai ɗari bisa ɗari, akwai wanda aka haramta amfani da kurakuran manhaja.

A nan ne kamfani ke shigowa, ko ya so ko bai so ba. Sabuntawa guda da ta toshe wani kuskure tana iya mayar da tarihin da wani ya kafa abin da ba wanda zai sake kamowa. Daga nan sai alƙalai su zaɓa: ko a raba jadawali biyu, ko a ce kowa ya koma tsohon zubi.

Kamfanonin da suka gane karatun

Misali mafi kyau shi ne Celeste, wasan hawan dutse da Maddy Thorson da Noel Berry suka jagoranci ƙirƙirarsa, ya fito a 2018. Akwai agogon tsere a cikin wasan kansa, don haka babu gardama kan lokaci. Daga baya 'yan wasa suka gano wata dabara da suka raɗa wa suna demodash: idan tauraruwar wasan ta zabura tana durƙushe, sai ta ratsa wasu tarkuna ba tare da ta mutu ba. Maimakon su toshe ta, a sabuntawar 2021 masu wasan suka ware mata maɓalli nata, kowa ya samu daidai. Gwanaye yanzu suna kammala wasan a ƙasa da rabin awa.

Haka ma lokacin da kamfanin Grezzo ya sake gina Ocarina of Time don na'urar Nintendo 3DS a 2011, da gangan ya bar wasu tsofaffin kurakurai da 'yan wasa ke jin daɗinsu.

Hatimin kamfani bai isa hujja ba

To me zai hana a bar wa kamfani alƙalancin gaba ɗaya? Labarin Dragster ya isa amsa. Todd Rogers ya ce a 1982 ya kammala wannan wasan tseren mota na Atari 2600 cikin daƙiƙa 5.51, kuma Activision, kamfanin da ya yi wasan, ya amince. Sakamakon ya zauna sama da shekara 30. Sai wani mai suna Eric Koziel ya bi lissafin manhajar wasan filla-filla, ya nuna ba zai yiwu a sauka ƙasa da 5.57 ba. A Janairun 2018 hukumar Twin Galaxies ta soke sakamakon.

A Minecraft ma alƙalan sa-kai ne suka yi aikin. A Disamban 2020 suka soke sakamakon shahararren ɗan YouTube ɗin nan Dream, bayan sun lissafa cewa sa'ar da ya riƙa samu ɗaya ce cikin tiriliyan 7.5. A Mayun 2021 ya amsa cewa akwai wata manhaja da ta sauya wasan nasa, amma ya ce bai san tana aiki ba a lokacin.

Kamfani ya san yadda ya gina wasa, amma wanda ya buga shi sau dubu goma ya fi shi sanin inda yake karyewa. Abin da masu tsere ke nema daga kamfanoni bai taka kara ya karya ba: agogo mai gaskiya a cikin wasa, hanyar adana abin da aka danna, damar komawa tsohon zubi, da sanarwa kafin a toshe wata dabara. Kamfanin da ya ba da waɗannan, wasansa kan ci gaba da jan 'yan kallo shekaru bayan an daina tallarsa.