WEP da WPA: Ciwon Ba a Tsawon Mabuɗi Yake Ba

Lokacin da aka fitar da ƙa'idar sadarwa marar waya ta 802.11 a 1997, makullin da ya zo da ita shi ne WEP. Mabuɗinsa bit 40 ne kacal, domin dokokin Amurka na lokacin sun taƙaita fitar da fasahar ɓoye bayanai mai ƙarfi zuwa ƙetare. Da aka sassauta, sai aka kai shi 104, wato haruffa da lambobi 26 da mutum zai zauna ya shigar ɗaya bayan ɗaya a kowace kwamfuta. Jama'a suka ɗauka an gama.

Ashe da sauran rina a kaba. Duk ƙunshin bayanin da zai tashi a iska, WEP na liƙa wa mabuɗin wata lamba mai bit 24, ita kuwa a fili take tafiya, duk mai saurare na ganinta. Iyakarta kusan miliyan 16.7, saboda haka inda ake yawan hada-hada ba ta daɗewa take maimaituwa. A 2001 masu bincike uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna cewa wasu daga cikin lambobin nan suna tona asirin mabuɗin kaɗan-kaɗan. A 2007 masu bincike a Darmstadt ta Jamus suka fasa mai 104 ɗin cikin ƙasa da minti ɗaya.

Abin da ke burge ni da WPA, wanda ya fito a 2003 don maye gurbin WEP, shi ne bai nemi a zubar da tsofaffin na'urori ba. Da RC4, tsarin ɓoye bayanan da WEP ke amfani da shi, ya ci gaba. Sai dai kowane ƙunshi da nasa sabon mabuɗi, lambar kuma ta koma bit 48. Faci ne, ba shakka, an yi shi ne don a tsaya kafin WPA2 ya iso da tsarin ɓoye bayanai na AES a 2004, kuma a 2008 aka gano masa kafa. Babban rauninsa ya fi zama a hannun mai gida: kalmar sirri mai sauƙin cankewa. Wannan ko mutum na iya gyarawa. Na WEP, komai taka-tsantsan ɗinka ba ka da yadda za ka yi.

Amma mutane ba su yi saurin barin WEP ba. A 2005 kamfanin TJX na Amurka yana kan WEP lokacin da ɓarayi suka shige masa ta wasu shagunansa na Marshalls. Da maganar ta fito a 2007, bayanan katin kuɗi fiye da miliyan 45 sun riga sun tafi.